Wasiƙa Daga Injamena: Motar Da Aka Ƙera Don Kogi, Ta Ƙare A Rairayi

Yau tarihin wata motar yaƙi zan ɗan gutsura muku, wadda ake kira BTR-60, domin labarinta ya biyo ta nan ƙasar Chadi.

Asalinta Tarayyar Sobiyet. A Yaƙin Duniya na Biyu Rashawa sun sha wuya wajen tsallake koguna, musamman kogin Dinifa a 1943, inda sojoji bila adadin suka halaka a kan kwale-kwale da katakai. Da yaƙi ya ƙare sai janar-janar ɗinsu suka duba taswirar Turai, suka ga in har za a gwabza da ƙungiyar NATO, to akwai koguna jere a gabansu, kuma abokin gaba ba zai bar gada a tsaye ba. Don haka suka nemi motar da za ta ɗauki sojan ƙasa, ta bi tankoki a guje, in ta iso ruwa ta faɗa abinta.

Kamfanin GAZ da ke birnin Gorki shi ya ƙera ta, aka fara fitar da ita a 1960. Tayoyi takwas gare ta, nauyinta kusan tan 10, cikinta kamar na jirgin ruwa. A kan kwalta tana yin kilomita 80 a awa, a ruwa kuwa kamar 10, da wani famfo a bayanta mai zuƙo ruwa yana feso shi. Direba na iya rage wa tayoyin iska daga inda yake zaune idan ya shiga taɓo ko yashi. Ta farkon ma ba ta da rufi, sai tamfol. Daga baya aka rufe ta, sannan a 1966 aka ɗora mata hasumiya mai babbar bindiga ta milimita 14.5.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ba su da injin mota guda mai ƙarfin da zai ja ta, sai suka sa mata injin fetur biyu irin na manyan motoci, kowanne mai ƙarfin doki 90. Ɗaya na juya layin tayoyi na farko da na uku, ɗayan na biyu da na huɗu. Duk wanda ya taɓa zama a garejin makaniki ya san wahalar saita inji ɗaya, balle a ce biyu su yi tafiya baki ɗaya. Ga fetur, abin da ƙyas kaɗan yake jira. Kuma da yake injinan a baya suke, babu ƙofar baya. Soja in zai sauka sai ya fito ta sama, a idon mai harbinsa. Ni a ganina wannan ne babban aibinta, Folan da Chekoslobakiya kuwa suka ƙera tasu, OT-64, mai injin dizal da ƙofa a baya.

A watan Maris na 1969 ta shiga faɗan Sobiyet da Sin a tsibirin Damanski, a kan kogin Ussuri. Abin dariya, kogin ya daskare a lokacin, a kan ƙanƙara ta yi gudu. A Afganistan kuma, daga 1979, injinan suka riƙa zafi a hawan duwatsu, sojoji suka gwammace zama a samanta don tsoron nakiya, tunda ƙarfen jikinta bai kai santimita ɗaya ba.

Gaddafi ya saye ta da yawa, ya turo ta arewacin Chadi tare da tankoki. Ku duba fa, motar da aka yi domin kogunan Jamus, ga ta a hamadar da sai a yi tafiyar kwanaki ba a ga rijiya ba! A ranar 2 ga Janairun 1987 sojojin Hissène Habré, ƙarƙashin Hassan Djamous, suka afka wa garin Fada cikin motocin Toyota a-kori-kura, ɗauke da makamai masu linzami na MILAN da Faransa ta ba su. A watan Maris suka ƙwace babban sansanin Libiya na Wadi Dum, suka kama kwamandoji, cikinsu har da Khalifa Haftar, wanda daga baya ya yi suna a rikicin Libiya. Toyota ta fi motocin sulken gudu a rairayi, ta fi su saurin juyawa, kafin a saita mata bindiga ta ɓace cikin ƙura. Wasu motocin an ƙone su, wasu kuwa lafiyarsu lau aka same su, masu su sun gudu sun bar su, sojan Chadi ya gaje su.

Su Rashawan sai a samfurin BTR-80, a tsakiyar shekarun 1980, suka koma inji guda na dizal, suka kuma ƙara girman ƙofofin gefe da ke tsakanin tayoyi.

A gaida mutanen gida duka, manya da yara. Sai kun ji ni a wasiƙa ta gaba, in Allah Ya kai mu.