Mikiyar Rumawa: Kalma Ɗaya, Tarihi Mai Tsawo

Kullum in na buɗe fayil a ofis sai na yi ido huɗu da jar mikiyar nan da ke saman tambarin Nijeriya. Ita ce ta tuna mini darasin tarihin Rum da muka yi a aji uku, lokacin da yawancinmu hankalinmu na kan ƙararrawar cin abinci. A harshen Latin sunan wannan tsuntsuwa "aquila", kuma kalmar ta yi yawo fiye da yadda muke zato.

Da fari dai sunan tsuntsuwa ce kawai. Amma a shekara ta 104 kafin Miladiyya, wani sarkin yaƙi mai suna Mariyus ya mai da ita alamar kowace rundunar Rum. Kafin nan akan ɗauki siffar kyarkeci ko doki ko aladen daji. Daga ranar, in sojan Rum ya ce "aquila", yana nufin mikiyar azurfa da aka kafa bisa dogon sanda, fukafukai a buɗe. Runduna mai mutum wajen 5,000 mikiya ɗaya tak gare ta, mai ɗaukarta kuma ana kiransa "aquilifer". In an yada zango, ɗaki na musamman ake ajiye ta.

To, ga inda maganar take. Rasa ta abin kunya ne da ya fi mutuwa. A shekara ta 55 kafin Miladiyya, da jiragen Yuliyus Kaisar suka isa gaɓar Birtaniya, sojoji suka yi cirko-cirko don zurfin ruwa. Sai mai ɗaukar mikiyar runduna ta goma ya yi tsalle ya faɗa teku da ita, ya doshi abokan gaba. Tilas sauran suka bi shi, don ba mai son a ce a gabansa aka ƙwace ta.

Bayan shekara biyu Karasus ya sha kashi a hannun Fartiyawa a Karhe, wato Harran ta ƙasar Turkiyya a yau, aka kwashe mikiyoyinsa. Shekara 33 Rumawa suna jin zafin abin, har sai da Agustus ya karɓo su ta hanyar sulhu a shekara ta 20, ya kuma sa aka buga kuɗi don tunawa, kai ka ce ƙasa ya ci da yaƙi. A ganina nan siyasa ta fi jarumta yawa. Shi kansa bai tsira ba, domin a shekara ta 9 Miladiyya ƙabilun Jamus sun yi wa Barus kwanton ɓauna a dajin Tutobag, suka hallaka runduna uku, ta 17 da ta 18 da ta 19. An ƙwato mikiya biyu a shekarun 15 da 16, ta ukun sai a 41. Waɗannan lambobi uku ba a sake ba wata runduna su ba.

Kalmar ba ta tsaya a fagen fama ba. Ta zama sunan mutane, kamar Akila mai ɗinkin tanti da aka ambata a Ayyukan Manzanni. Ta zama sunan gari, L'Aquila ta Italiya, inda girgizar ƙasa ta 2009 ta kashe mutum wajen 300. Har ila yau akwai rukunin taurari mai wannan suna, wanda mafi haskensu Turawa ke kira "Altair". Masu Larabci a cikinmu za su gane ta, don daga "an-nasrud-da'ir" aka aro, wato mikiya mai tashi. Ita ma kalmar Ingilishi da ke cikin sunan Super Eagles jikar "aquila" ce, ta biyo ta Faransanci.

A 1804 Napoliyon ya kwaikwayi Rumawa, ya raba wa rundunoninsa mikiyoyin tagulla. Masana tsuntsaye kuwa tun 1760 suke kiran wani dangin mikiya da "Aquila", cikinsu har da "Aquila rapax", mai ruwan ƙasa-ƙasa, wadda ke shawagi a dazuzzukanmu na Sahel.