Shekarar da Amani Ya Ɓace a Tekun Gana

Amani, wato busasshen kifin nan da ake dakawa a zuba a shito ko a miya, yana daga cikin abincin da talakan Nima da Maamobi da Kokomlemle ya fi dogara da shi a birnin Akra. Masunta Ga da Fante ne ke kamo shi, matan Chorkor da Jamestown su banda shi, sannan ya iso kasuwannin zango. Sai dai tarihin wannan kifi ya rataya ne a kan wasu halittu da ba a iya tantance siffarsu sai da madubin ƙara girma, waɗanda kullum suke cikin farautar juna a ruwan teku.

Masana suna kiran waɗannan halittu filankiton. Bajamushe Victor Hensen ne ya raɗa musu wannan suna a 1887, daga kalmar Girkanci mai ma'anar mai gantali, domin igiyar ruwa ce ke kai su inda ta ga dama. Sun kasu gida biyu. Akwai masu ɗabi'ar tsiro, irin su dayatom, waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana. Akwai kuma masu ɗabi'ar dabba, waɗanda ke cin na farko, wasunsu kuma su ci 'yan'uwansu.

A gaɓar Gana, wannan farauta tana da lokacinta. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku ɗauke da sinadaran da ke zame wa tsirran taki. Nan da nan sai dayatom su yi yabanya. A daidai lokacin ne wani ƙwaron ruwa mai suna Calanoides carinatus, wanda bai kai ƙwayar shinkafa girma ba, yake bayyana ya yi ta kiwo a kansu. Wani masani mai suna Bainbridge ya ba da rahoton samun wannan ƙwaro a Tekun Gini a 1960. Bincike ya nuna cewa idan ruwa ya ɗumama, ƙwaron yakan nutse can ƙasa, zurfin ɗaruruwan mitoci, ya kwanta da kitsen da ya tara har sanyi ya dawo. Shi ma yana da masu farautarsa: wasu tsutsotsi masu siffar kibiya, da 'ya'yan kifaye, da garken sadinela, wanda shi ne amani tun yana ɗanye. Wannan ne ya sa kakar kifi take faɗowa a wajen Agusta, lokacin da Ga suke bikin Homowo.

Tun kafin a fahimci wannan a Gana, masana lissafi sun yi tunani a kan dangantakar mafarauci da abin farautarsa. Alfred Lotka a 1925 da Vito Volterra a 1926 sun nuna cewa yawan ɓangarorin biyu yana hawa da sauka ne bi da bi. Idan abin farauta ya yawaita, mafarauta su ƙaru. Idan sun ƙaru, su cinye abincinsu. Yunwa ta rage su, abin farauta ya sake farfaɗowa. Abin da ya ja hankalin Volterra shi ne lissafin kasuwannin kifi na Tekun Adiriyatik, inda aka ga kifaye masu cin kifi sun ƙaru a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da su ya ragu. Darasin shi ne, duk wanda ya taɓa ɓangare ɗaya ya taɓa sauran.

Gana ta ga wannan darasi da idonta. A 1972 masunta sun yi kamun sadinela irin wanda ba a taɓa yi ba, har da ƙananan da ba su kai ga yin ƙwai ba. Da shekara ta kewayo, a 1973, sai kifin ya yi ɓatan dabo, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya dawo. A madadinsa wani kifi mai kaurin fata, wanda masana ke kira Balistes, ya cika tekun, bai ja da baya ba sai a ƙarshen shekarun 1980. Ruwa ba ya tsami banza: ban da yawan su, wasu masana sun danganta sauyin da farin da ya addabi Sahel a waɗannan shekaru, wanda ya rage ruwan da koguna ke zubawa a teku tare da abincin filankiton. Ke nan farin da ya kashe shanu a ƙasar Hausa yana iya zama da hannu a ƙarancin amani a Nima.

Ma'aikatan binciken kamun kifi da ke Tema sun yi shekaru suna ɗibar ruwa suna auna filankiton. George Wiafe na Jami'ar Gana da abokan aikinsa sun nazarci awon da aka yi daga 1969 zuwa 1992, suka buga sakamakon a 2008. Sun gano cewa yawan filankiton masu ɗabi'ar dabba ya ragu a tsawon lokacin, yayin da ruwan yake ƙara ɗumi, kuma Calanoides, mai son sanyi, yana cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Yau matsin ya zo wa amani ta fuska biyu: abincinsa yana raguwa a ƙasa, komar masunta da manyan jiragen su sun yi yawa a sama. A 2019 gwamnatin Gana ta fara rufe teku ga masu kwalekwale na wata guda domin kifi ya samu sararin hayayyafa. Doka tana iya tsayar da koma, amma ba ta iya sanyaya ruwa. Idan ƙwaron da amani ke ci bai taso a watan Yuli ba, mai sayen kifi a kasuwar Nima zai ji abin a aljihunsa kafin shekara ta ƙare.