Iska da Makirufo: Tarihin Wata Tsohuwar Gaba

Lokacin da fim ya fara magana a Amurka, da fitowar The Jazz Singer a 1927, sai masu shirya finafinai suka koma cikin ɗaki. Makirufon zamanin yana da nauyi, kuma ba ya tantance murya daga hayaniya. Ita kanta kyamara ƙara take yi, har sai da aka riƙa kulle ta tare da mai ɗaukar hoto a cikin wani akwati mai taga. Ɗan wasa kuwa dole ya tsaya kusa da inda aka ɓoye makirufo.

An fara samun sauƙi a 1929. Ana danganta dabarar ga darakta Dorothy Arzner, wadda ta sa aka ɗaura makirufo a kan sandar kamun kifi domin ya riƙa bin Clara Bow a fim ɗin The Wild Party. Doguwar sandar da ake ɗagawa a saman kan 'yan wasa har yau, jikanyar waccan ce. Amma sanda ta magance nisa ne kawai. Da an fita fili, iska na nan tana jira.

Dalilin yana cikin ƙirar makirufo. A cikinsa akwai wani siririn tantani mai kama da fatar ganga, wanda aka yi domin ya ji ɗan motsin da murya ke haifarwa. Iska kuwa dukan sa take yi kai tsaye, sai a ji rugugi kamar na hadari ya danne magana. Abin takaicin shi ne, makirufon da ke saurare ta gaba kawai, wanda ya fi dacewa da ɗaukar hira a waje, ya fi mai ji ta ko'ina saurin kamuwa da wannan ciwo, saboda akwai kafofin da iska ke bi ta isa bayan tantaninsa.

Don haka da yawa suka haƙura da ɗaukar murya a fili. Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana aiki a Nijar, ya ɗauki Jaguar tare da Damouré Zika da abokansa kan hanyarsu ta zuwa Gwalkwas, sai daga baya suka zauna suna kallon hotunan suna ɗora magana. Haka aka yi da muryar Oumarou Ganda a Moi, un noir na 1958. Italiya da Indiya ma sun shafe shekaru masu yawa a kan wannan hanya, shi ya sa da Lagaan ya fito a 2001 da muryoyin da aka ɗauka a filin Gujarat, abin ya zama labari.

Kayan da suka sauya lamarin sun zo ne ɗaya bayan ɗaya. Stefan Kudelski ya fito da rakodar Nagra III a Siwizalan a 1958, wadda mutum ɗaya zai rataya a kafaɗa. A 1975 kamfanin Sennheiser na Jamus ya fito da MKH 416, dogon makirufo mai jure raɓa da laima, wanda har yau ake aiki da shi. A ganina dai, wanda ya fi cancantar yabo shi ne John Gozzard, mai ɗaukar sauti da ya kafa Rycote a Ingila a 1969. Kamfaninsa ya shahara da wani kwando mara nauyi da ake rataye makirufo a tsakiyarsa, ta yadda iskar da ke kewaye da shi za ta tsaya cik. Daga baya aka ƙara masa riga mai dogon gashi, wadda Turawa ke wa laƙabi da mushen mage. Gashin yana karya ƙarfin iska tun kafin ta kai ga kwandon, ko da yake yana ɗan rage kaifin murya.

Wannan tarihi shi ke tsara zaɓi ga mai ɗaukar hira a waje yau, ko da da waya yake aiki. Soson da ke zuwa tare da makirufo na ɗaki ne, bai wuce ya tare hucin baki da 'yar iska mai laushi ba. A tsakiyar hunturu, a bayan gari, sai kwando da rigar gashi. Idan kuɗi bai kai ba, gara a sayi matsakaicin makirufo a bar canjin kariya, a kuma kusanto da shi kamar kamu ɗaya ko biyu daga bakin mai magana. Ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga shi ma yana da tasa 'yar hular gashin, kuma idan mai magana ya juya wa iska baya, jikinsa ma yana tare masa.