Tarihi a Akwatin Talabijin: Nasu da Namu

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, akwai wani nau'in wasan kwaikwayo da ya yi tashe a gidajen talabijin na Amurka cikin shekarun 1950, wanda nake ganin ya kamata mu mutanen Ƙaraye da Rogo mu san labarinsa, domin yana taɓo wani giɓi da ke gare mu. Shi wannan wasa ba mai dogon zango ba ne. Kowane mako labari ne sabo da 'yan wasa dabam, a fara shi a gama cikin rabin sa'a, kuma daga tarihi ake tsakuro shi.

Wanda ya fi shahara shi ne Cavalcade of America. An fara shi a rediyo a 1935, ya koma talabijin a 1952, aka ci gaba har 1957. Kamfanin DuPont ne ya ɗauki nauyinsa, ba kuwa don Allah ba. A 1934 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka, ƙarƙashin Sanata Gerald Nye, ya binciki ƙazamar ribar da masu ƙera makamai suka ci a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma DuPont, mai sana'ar albarushi, yana cikin waɗanda jama'a suka riƙa kira dillalan mutuwa. To, domin wanke suna sai kamfanin ya zuba kuɗi a shirin da ke nuna jarumai da likitoci da masu ƙirƙira. Ba kasafai ake ganin yajin aikin ma'aikata ko uƙubar bayi a ciki ba, don mai biyan kuɗin ba abin da yake so a tuna ke nan ba.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne You Are There na gidan CBS, daga 1953 zuwa 1957. Walter Cronkite ne yake zama kan teburin labarai, sai ya miƙa ka ga wakilinsa, shi kuwa ya tare mutumin da ya mutu shekaru ɗaruruwa da suka wuce yana yi masa tambayoyi kamar yau abin ke faruwa. Da yawa daga labaran, mutum uku ne suka rubuta su a ɓoye da sunayen wasu, wato Walter Bernstein da Abraham Polonsky da Arnold Manoff, saboda an hana su aiki bisa zargin kwaminisanci. Shi ya sa suka riƙa zaɓo shari'ar Galileo da mutuwar Socrates da farautar mayu ta garin Salem. Zancen jiya suke yi, amma da mutanen zamaninsu suke. Batun bauta kuwa bai girgiza masu kallo sosai ba sai a 1977, da aka nuna Roots dare takwas a jere.

Mu dawo gida. Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, a Arewa kuma gwamnatin Sardauna ta buɗe nata a Kaduna a 1962 tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar nan ƙarƙashin NTA. Da tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi dama, sai gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV 67 a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV. Yayyenmu suna ba da labarin yadda a garuruwan nan namu akwati ɗaya ke tara unguwa guda, yara a gaba kan tabarma, manya a baya kan benci, ana ta juya eriya ko hoton zai washe.

Me ake kallo? Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, da Karambana na marigayi Ƙasimu Yero, da Karkuzu daga Jos, da Kuliya, da Hankaka, da sauransu. Ban raina su ba ko kaɗan. Duk mai son sanin yadda aka yi zaman bariki, ko yadda talaka ke tsayawa gaban alƙali a wancan lokaci, to ya neme su, sun zama tarihi da kansu. Amma manufarsu raha ce da wayar da kai, gadon majigi irin su Baban Larai da aka riƙa yawo da shi ƙauyuka domin noman auduga. Wanda ya fi kusa da tsarin Amurkawan nan shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam da NTA ta mayar wasa a shekarun 1980, inda aku ke kawo sabon labari kowane zama. Sai dai hikaya ce, ba abin da ya auku ba.

Tarihi na sosai a fim aka gwada shi. Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi cikin bauta, uwarsa ta bi sawu tana nema. Ya kuma yi Kanta na Kabi a 1978. Sule Umar ya yi Maitatsine a 1989, kan rikicin Kano na Disambar 1980. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu a Nijar, wadda ta tari rundunar Faransa a 1899, Med Hondo ne mutumin Muritaniya ya yi fim ɗinsa a 1986, kuma a Burkina Faso aka ɗauka.

Abin da ya sami Shehu Umar shi ne ya fi tsaya mini a rai. Fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, har aka fid da rai. Sai a 2016 aka tsinci faifansa cikin tarin gwangwanaye masu tsatsa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wannan ya yi sa'a. Wasannin talabijin da yawa ba su samu haka ba, domin kaset na da tsada, sai a goge tsohon shiri a ɗora sabo a kai, al'adar da har BBC ta yi. Mu da ke aikin gwamnati mun san halin sito: abin da ba mai sa hannu a kansa, na gara ne da ruwan sama.

To, ina ƙasarmu a cikin wannan? Mai karatu ya duba Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kuma yana cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Nazaki, wajen 1618 zuwa 1623, akwai Wambai Giwa. Sarki ya fita yaƙi ya bar shi a gida ba lafiya, kafin ya dawo Wambai ya faɗaɗa ganuwar birni. Daga baya ya koma Ƙaraye da zama, yana kai wa Katsinawa hari yana dawowa da ganima, har ya tara dawaki dubu. Ƙarfinsa ya kai aka ji tsoron zai yi tawaye, sai aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi. Jama'a, wane marubucin wasa ne zai nemi abin da ya fi wannan? Ga bara mai biyayya, ga sarki mai zargi, ga 'yan fada masu kai gulma, kuma duk a nan ƙofar gidanmu. A ce wakilin Cronkite ne ya tare Wambai ranar da manzon sarki ya iso Ƙaraye, me zai ce? Ban da wannan ga jihadi, lokacin da jama'ar Shehu suka ci Ƙaraye kafin karon Ɗanyaya na 1807, ga Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, ga kuma na kwanan nan, wato garuruwan da aka tasa domin madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992.

Na san dalilan da ake kawowa. Dawaki da lifidi da sulke kuɗi ne. Na biyu ya fi nauyi: jikokin waɗanda suka yi nasara da na waɗanda aka ci duk suna raye, suna kuma riƙe da sarautu. Wanda ya ga yadda aka ɗaga masarautar Ƙaraye a 2019, aka rushe ta a watan Mayu na 2024, aka sake kafa ta a watan Yuli a matsayin mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo, ya san zancen sarauta ba ya tsufa a ƙasar Kano. Hujjar kuɗi dai ba ta gamsar da ni ba, tunda yawancin You Are There magana ce tsakanin mutum biyu ko uku a ɗaki. Ta biyun ce ke buƙatar dattaku da neman shawarar manya.

A halin yanzu ƙannenmu suna kallon Ertugrul na Turkiyya a waya, suna jero sunayen jarumansa, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa jin sunan Wambai Giwa. Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a taronmu na gaba a ware wani abu daga asusu ga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, malamin tarihi da na Hausa su rubuta wasan rabin sa'a kan Wambai, a ɗauka ko da waya ce, a ajiye kwafi uku a hannun mutum uku. Kafin nan kuma a fara zuwa wurin dattawan da ruwan Challawa ya tasa, a naɗi muryarsu, domin waɗanda suke magidanta a 1992 yanzu sun haura sittin.