Asalin Gasar Tirayatalon ta Gajeren Zango da Rawar 'Yan Dagaji a Tarihinta

Tirayatalon gasa ce da take haɗa wasanni uku a zubi ɗaya, wato ninkaya da tseren keke da gudu, inda ɗan wasa yake fita daga ɗaya ya faɗa na gaba ba tare da an tsayar da agogo ba, ta yadda hatta lokacin da ya ɓata wajen tuɓe tufafi da sa takalmi ana lissafa masa shi. An kasa ta zango-zango gwargwadon tsawo, kuma wanda jama'a suka fi shiga shi ne gajeren zango, wanda a ƙa'idar hukumar wasan ta duniya ya ƙunshi ninkayar mita 750 da tseren keke na kilomita 20 da gudun kilomita 5. Ƙwararru suna gama shi cikin ƙasa da awa ɗaya, amma akasarin masu shiga 'yan dagaji ne, wato mutanen da suke da sana'o'insu daban, suna wasan don sha'awa da neman lafiya, kuma su sukan ɗauki awa ɗaya da kwata zuwa awa biyu. Mutane da dama suna ɗaukar gajeren zango a matsayin guntun babbar gasar Ironman da aka datse domin masu ƙaramin ƙarfi, alhali kuwa tarihi ya nuna cewa gajeriyar gasa ita ce asali, 'yan dagaji ne suka ƙirƙiro ta, doguwar kuma daga baya ta zo.

Tun cikin shekarun 1920 jaridun wasanni na Faransa suke ba da labarin wata gasa da ake kira wasanni uku, wadda ake yi a garuruwan da suke bakin kogin Marne kusa da Faris, inda akan yi gudun 'yan kilomitoci, a hau keke, sa'an nan a tsallake kogin da iyo. Waɗannan gasanni ba su haifar da hukuma ko tsayayyar doka ba, shi ya sa masana tarihin wasan suke ambatonsu a matsayin share fage kawai.

Wasan da aka sani a yau ya samo tushe ne daga birnin San Diego na jihar Kalifoniya a Amurka, a daidai lokacin da gudun motsa jiki ya zama ruwan dare a ƙasar, musamman bayan Frank Shorter ya ci gudun fanfalaki a wasannin Olamfik na Munich a 1972. A cikin ƙungiyar 'yan tsere ta birnin akwai Jack Johnstone, wanda ya yi fice a ninkaya lokacin da yake jami'a amma bai kasance cikin na gaba-gaba a gudu ba, kuma bayan ya shiga wata 'yar gasar gudu da iyo da wani lauya mai suna Dave Pain yake shiryawa don bikin ranar haihuwarsa, sai ya ga ya kamata a shirya wata makamanciyarta da za a ƙara wa ruwa yawa. An haɗa shi da wani ɗan ƙungiyar, Don Shanahan, wanda shi ne ya kawo shawarar a sa keke a ciki. Ranar Laraba 25 ga Satumba, 1974, da yamma bayan an tashi daga aiki, mutum 46 suka hallara a gaɓar Mission Bay, kowa da keken da yake da shi a gida, domin yin gudun kimanin kilomita 10 da tseren keke na kilomita 8 da ninkayar da ba ta kai rabin kilomita ba. Tsarin bai yi kama da na yanzu ba, domin an yanka gudun da ninkayar gunduwa-gunduwa ana shiga ruwa ana fita, wani ɓangare na gudun ma ba takalmi aka yi shi a kan ciyawa da rairayi. Bill Phillips ne ya zo na ɗaya cikin ƙasa da awa guda, su kuwa na baya-baya duhu ya riske su a cikin ruwa har sai da aka haska musu gaɓa da fitilun motoci. Duk wanda ya duba tsawon wannan gasa da irin mutanen da suka shiga ta zai ga cewa ta fi kusa da gajeren zango na yau fiye da kowane zango.

Cikin waɗanda suka yi gasar Mission Bay akwai wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy, waɗanda daga baya aiki ya kai su Hawai. A can ne wata gardama ta taso a wajen rabon kyaututtukan wani tsere, kan ko masu gudu ne suka fi juriya ko masu ninkaya, shi kuma Collins ya kawo batun 'yan keke, ya ba da shawarar a raba gardama ta hanyar haɗa manyan gasanni uku na tsibirin Oahu a yini ɗaya: ninkayar Waikiki mai kilomita 3.8, da tseren keke mai kilomita 180, da gudun fanfalaki na Honolulu mai kilomita 42.2. Ranar 18 ga Fabrairu, 1978, aka yi wannan gasa ta Ironman karo na farko, mutum 15 suka fara, 12 suka kai ƙarshe, Gordon Haller ya ci cikin awa 11 da minti 46. Abin da ya fitar da sunan gasar a duniya ya faru ne a watan Fabrairun 1982, lokacin da wata ɗaliba mai shekara 23, Julie Moss, wadda take kan gaba a ɓangaren mata, jikinta ya ƙi ɗaukarta ana saura 'yan taku ta gama, ta faɗi ta tashi, ta sake faɗuwa, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe, gidan talabijin na ABC ya nuna wa miliyoyin Amurkawa. Wannan hoto ya jawo wa wasan dubban sababbin masoya, amma kuma ya dasa wa mutane tunanin cewa tirayatalon azabtar da kai ne da sai wanda ya ga zai iya, tunanin da masu shirya gajerun gasanni suka shafe shekaru suna ƙoƙarin kankarewa.

Gasar da take cinye yini guda ba ta dace da mai aikin ofis ko mai shago ba, ba ta kuma dace da gidajen talabijin ko birnin da za a rufe wa tituna ba. Don haka Jim Curl da Carl Thomas suka fara jerin gasanni masu matsakaicin tsawo a biranen Amurka a 1982, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 an daidaita a kan ninkayar mita 1,500 da keke kilomita 40 da gudun kilomita 10, ma'aunan da 'yan ninkaya da 'yan keke da 'yan tsere kowa ya riga ya saba da nasa. Da aka kafa hukumar wasan ta duniya a birnin Avignon na Faransa a watan Afrilun 1989, ƙarƙashin shugabancin Les McDonald na Kanada, wannan zango ta ɗauka don gasar cin kofin duniya ta farko da aka yi a birnin a watan Agustan shekarar, wadda Mark Allen da Erin Baker suka lashe. Kwamitin Olamfik na duniya ya amince da wasan a 1994, aka fara yin sa a Sidni a 2000. Ma'aunin gajeren zango na yau daga nan ya fito, domin rabin zangon Olamfik ne cif-cif a kowane ɓangare, wato abin da hukuma ta yi shi ne sa wa tsohuwar al'adar 'yan dagaji ma'auni da doka.

A wannan tsakani ne kuma aka tsayar da jerin da ake bi yanzu, na fara ninkaya a ƙare da gudu, kuma dalilin bai wuce tsare rai ba: wanda ya gaji a gudu yana iya komawa tafiya ko ya zauna a bakin titi, wanda kuwa ƙarfinsa ya ƙare a tsakiyar tafki ba shi da wurin tsayawa. Duk da haka ruwa ne ya ci gaba da zama wurin da ya fi haɗari. Wani bincike da aka wallafa a mujallar likitanci ta Annals of Internal Medicine a 2017 ya tattara aukuwar mutuwa da tsayawar zuciya har 135 a gasannin Amurka tsakanin 1985 da 2016, ya gano 90 daga ciki a ninkaya suka faru, kuma akasarin waɗanda abin ya shafa maza ne da suka fara manyanta. Wannan yana cikin dalilan da suka sa masu shirya gasa da dama suka daina sakin ɗaruruwan mutane cikin ruwa lokaci guda, suka koma sakin su rukuni-rukuni ko 'yan kaɗan-kaɗan, tare da masu ceto a cikin ƙananan kwale-kwale.

Babu abin da ya faɗaɗa ƙofar wasan kamar jerin gasannin mata zalla da kamfanin tufafin Danskin ya fara ɗaukar nauyi a Amurka a 1990, a kan tsawon da ya yi daidai da gajeren zango. Masu shirya shi sun fahimci cewa abin da yake hana sabon shiga zuwa ba tsawon hanya ba ne kaɗai, akwai kuma kunyar zama na ƙarshe a gaban 'yan kallo. Saboda haka Sally Edwards, wadda ta taɓa zuwa ta biyu a Ironman na Hawai, ta ɗaukar wa kanta aikin bin bayan wadda ta fi kowa jinkiri a kowace gasa, tana ƙarfafa mata gwiwa, sa'an nan ta bar ta ta riga ta tsallake layi, don kada a rubuta sunan wata sabuwar shiga a matsayin ta kashin baya. Dabara ce mai sauƙi, amma ta nuna fahimtar halin ɗan Adam fiye da yawancin dokokin da hukumomi suka rubuta. Haka nan tsarin kasa 'yan dagaji rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, maza daban mata daban, ya sa ɗan shekara sittin da biyu yana gogayya ne da tsararrakinsa, ko da kuwa a titi ɗaya yake gudu da ɗan shekara ashirin.

Abin da ɗan dagaji yake tararwa ranar gasa tarin dokoki ne da kowace ta samo asali daga wata matsala da aka taɓa fuskanta. Tun da asuba yake zuwa filin sauyi, wato killataccen wurin da ake ajiye kaya tsakanin wasa da wasa, ya rataye kekensa ta sirdi a jikin doguwar sandar ƙarfe, ya shimfiɗa ɗan tawul a ƙasa ya jera takalmi da hular kwano da lambarsa. A gasanni da yawa akan rubuta masa lambar a damtse, shekarunsa kuma a sha-raɓa, don wanda ya biyo shi a guje ya san ko abokin karawarsa ne, sa'an nan a ɗaura masa 'yar na'urar ƙidayar lokaci a idon sawu. Idan ya fito daga ruwa yana haki, jiri yana ɗibarsa, ba shi da izinin sauke kekensa sai ya ɗaure igiyar hular kwano, ba kuma zai hau ba sai ya tura shi ya wuce layin da aka shata. A kan hanya, a mafi yawan gasannin 'yan dagaji, an hana shi laɓewa a bayan wani don ya tare masa iska, dole ya bar tazarar kimanin mita 10, dokar da hukumar wasan ta duniya ta ɗage wa ƙwararru masu yin zangon Olamfik tun 1995 domin tserensu ya yi daɗin kallo. Wurin da kusan kowa yake kuka da shi shi ne farkon gudu, inda ƙafafun da suka saba da juya feda suke yin nauyi kamar an ɗaura musu buhunan yashi, shi ya sa masu horarwa suke sa almajiransu su riƙa sauka daga keke su zarce da gudu nan take tun a lokacin atisaye.

Kayan aiki ma sun yi tasu tafiyar, kuma a nan ne wasan ya fi nisanta daga asalinsa. A 1987 Dan Empfield ya fitar da rigar roba da aka ɗinka musamman don masu ninkaya a wannan gasa, wadda take tsare sanyi tana kuma ɗaga jiki a kan ruwa, har ta kai hukuma ta hana 'yan dagaji sa ta a gajerun zanguna idan ɗumin ruwa ya kai digiri 22. A daidai wannan lokaci ne 'yan tirayatalon suka karɓi ƙahon keke mai miƙewa gaba, wanda mahayi yake kwantar da gwiwar hannu a kai don rage karo da iska, kuma daga wurinsu ne ya shiga tseren keke na ƙwararru, inda Greg LeMond ya yi amfani da shi a ranar ƙarshe ta tseren zagaye Faransa na 1989 ya doke Laurent Fignon da daƙiƙa 8. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara sauri ya kuma ƙara tsada, ga kuɗin rajista, ga buƙatar tafkin koyon ninkaya, abin da ya sa wasan ya fi kafuwa a tsakanin masu hali a Turai da Amurka ta Arewa da Ostireliya. Gajeren zango ne ya rage wurin da har yanzu ake ganin keken zuwa kasuwa a rataye kusa da wanda kuɗinsa ya kai na ƙaramar mota.

A 'yan shekarun nan su kansu ƙwararru sun karkato ga gajerun zanguna, domin sun fi dacewa da lokacin talabijin da tsakiyar birane. Da gajeren zango aka yi wasan a Olamfik na matasa a Singafo a 2010, da shi aka shigar da shi wasannin naƙasassu a Rio a 2016, da shi kuma aka yi gasar ƙasashe rainon Ingila a Gold Coast a 2018, inda Henri Schoeman na Afirka ta Kudu da Flora Duffy ta Bamuda suka ci zinare. A Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021 an ƙara gasar ba-ni-in-ba-ka ta maza biyu da mata biyu, kowannensu yana ninkayar mita 300 kacal kafin ya hau keke, Birtaniya ta lashe. A birnin Hambug na Jamus, inda ake gudanar da ɗaya daga cikin gasanni mafi cikar jama'a a duniya tun farkon shekarun 2000, ƙwararru da dubban 'yan dagaji suna shiga tafkin Alster a ƙarshen mako guda, suna ƙarasawa a dandalin da yake gaban majalisar birnin, sai dai ninkayar da aka yanka wa 'yan dagaji a gajeren zango a can mita 500 ce.