Adamu Halilu da Tafiyar Shaihu Umar Daga Littafi Zuwa Majigi

A Amurka, in mutum ya gwanance wajen rubuta wasan kwaikwayo, kamar Arthur Miller, sai kamfanonin silima su neme shi ya rubuta musu, su biya shi, su kuma mai da kuɗinsu daga 'yan kallo. A Arewa ba haka abin ya faro ba. Gwamnati ce ta kawo majigi, ita ke da mota da inji da mai bayani, ita kuma ke zaɓen abin da za a nuna. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane rayuwar Marigayi Alhaji Adamu Halilu ba.

An haife shi a Garkiɗa, cikin ƙasar Adamawa, a 1936. Ya koyi aikin fim a Landan, sa'an nan ya yi shekaru a sashen fim na Gwamnatin Jihar Arewa yana shirya finafinan wayar da kai. Irin waɗannan ne motar majigi takan kai garuruwa da dare, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna wa talakawa sha'anin noma da tsabta da zuwa asibiti. A ƙasa irin ta Yauri, inda Gungawa da Kambari da Shangawa kowa ke da harshensa na gida, Hausar mai bayani ita ce ta haɗa 'yan kallo. A nan Adamu Halilu ya koyi yi wa taro magana da hoto, amma fa magana ce ta hukuma, wadda ƙarshenta kullum gargaɗi ne.

Babban aikinsa shi ne Shaihu Umar. Asalinsa littafi ne wanda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta domin gasar da Dokta East ya shirya a Zariya cikin 1933, aka buga shi a 1934, tun marubucin yana malamin makaranta. Labarin yaro ne ɗan Kagara, wanda aka sace, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, aka ƙetare Sahara da shi, ya yi karatu har ya zama malami. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa cikin bauta, ba su sadu ba sai gab da rasuwarta. Cikin 1975 aka buga shi a siffar wasan kwaikwayo, aikin Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim da kuɗin Gwamnatin Tarayya, domin bikin al'adun baƙar fata da aka yi a Ikko cikin 1977. Umaru Ladan ɗin nan shi ya fito a matsayin Shaihu.

To, a nan ne ya kamata malamin Hausa ya dakata. Littafin Malam Abubakar daga bakin mutum guda ya fito. Shaihu ne zaune gaban almajiransa yana cewa na yi kaza, aka yi mini kaza, har abin da ya faru kafin ya yi wayo shi ke ba da shi, kamar yadda aka gaya masa. Muryar dattijo ce wanda ya riga ya haƙura, saboda haka mai karatu yana jin labarin bauta ne bayan zafinsa ya huce. Wasan kwaikwayo kuwa ba ya yarda da wannan. Dole a karɓe magana daga bakin Shaihu a rarraba wa mutane, watau abin da aka ba da labarinsa da "ya ce" da "ta ce" ya koma "ni" da "kai" a gaban jama'a. Makau, mijin uwar, sai ya kāre kansa da bakinsa a fada sa'ad da aka yi masa sharri. Uwar kuwa, sai a ga fuskarta. A ganina, nan ne fim ya fi littafi nauyi a zuciya, nan ne kuma ya rasa wani abu, domin natsuwar mai ba da labari ita ce rabin ma'anar littafin. Duk malamin da ke karantar da littafin a kwalejin horon malamai, ya gwada sa ɗalibai su juya shafi guda zuwa zance tsakanin mutum biyu, zai ga yadda lokutan aikatau da wakilan suna ke sauyawa gaba ɗaya.

Bayan wannan sai ya juya yamma, ya shirya Kanta of Kebbi wajen 1978, da taimakon Gwamnatin Jihar Sakkwato, wadda a lokacin Argungu da Yauri duk suna cikinta, don ba a yanke Jihar Kebbi ba sai 1991. Labari ne da ya cancanci majigi: Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya na Songhai a farkon ƙarni na 16, ya gina Surame, ya tsare ƙasarsa daga manyan dauloli. Mai rubuta irin wannan yana da matsalar da Shaihu Umar bai kawo ba. Wace Hausa Kanta zai yi? In ya ce "ya tafi", Bakabe zai ji baƙo ne a gadon kakansa. In ya ce "yat tahi", an sauka daga daidaitacciyar Hausa wadda makaranta ke koyarwa. Wannan tambaya har yau tana gaban duk mai son rubuta wasa a kan sarakunan Yauri ko na Kabi.

Sai dai fim ɗin Kanta bai yaɗu ba, kaɗan ne suka gan shi. Shi kansa Shaihu Umar ɓacewa ya yi shekaru da yawa, har aka ɗauka ya salwanta, alhali Adamu Halilu ya shugabanci Hukumar Finafinai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1979. Ya rasu cikin 2001, Allah ya jiƙansa, bai ga dawowar aikinsa ba. Sai a 2016 aka gano faifan a ma'ajiyar hukumar, wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin cikin 2018. Littafin wasan kuwa bai taɓa ɓacewa ba, domin an buga shi, makarantu suka karanta, kwafi ya bazu hannun ɗalibai. Faifan fim ɗaya ne ko biyu, a ɗaki guda, ƙarƙashin hukuma guda, in ta manta da shi zafi da laima su cinye. Yau ɗalibi a Warra zai iya samun labarin Umar ɗan Kagara a takarda, amma Kanta, wanda kufan birninsa ke nan arewa da shi, sai dai ya ji an ce an taɓa yin fim ɗinsa.