Farin Garin Ganyen Kabewa da Tsumman Baba

Tun da na ajiye aikin malamin gona, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaran da suka buɗe shagunan maganin feshi a ƙasar Bagudo. Manomi zai zo da kukan farin gari ya lulluɓe masa ganyen kabewa, sai su miƙa masa maganin ƙwarin auduga da aka tsallako da shi daga Benin, rubutun jikinsa duk Faransanci. Alhali wannan cuta dangin fumfuna ce, maganin ƙwari ba ya taɓa ta.

Mu da muka kama aiki tun muna Jihar Sakkwato, kafin a yanki Kebbi a 1991, duk mako biyu ake tara mu a ba mu horo, sannan mu bazu ƙauyuka. Amma wannan cutar a hannun wani dattijo na Matsinkai na san ta, Allah ya jiƙansa. Yakan ce, "Malam, juya ganyen. A ƙarƙashi take fara zama, jikin tsofaffin ganye da rana ba ta kai musu." Idan gona ta kamu, sai ya bi ta yaɗo-yaɗo, ya nemo wanda ya daɗe da korensa bayan sauran sun bushe, ya ɗaura masa tsumma. Kabewar wannan yaɗon ba ta zuwa kasuwa, ko nawa aka taya. Ita ce irin baɗi. Haka ya yi shekara da shekaru, har gonarsa ta zama ita ce ta ƙarshen kamuwa a fadamar.

Farar wuta muke fesawa a lokacin, da yamma, don idan rana ta take sai farar wutar ta ƙone ganye. Da aka rufe iyaka a 2019 na yi fatan kwalaben maganin Benin ɗin nan za su ɗauke. Ta hanyoyin daji suka ci gaba da shigowa.

Irin kamfani mai juriya yana da amfani, ban musa ba. Sai dai jinkirta cutar yake yi, kuma na aure idan ka ajiye 'ya'yansa ba su fitowa kamar uwarsu. Ga shi masu ɗaura tsumma sun ƙare.

'Yan'uwana manoma, kada ku sayi kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC, kada ku maimaita magani ɗaya har cutar ta saba da shi, kuma bana ku ware yaɗon iri tun kafin girbi.